Shaidar da Muka Dafa Shinkafa a Cikinta

Jiya na ratsa Kalgo da tukunya a ka, jama'a na tambaya ko Rahama ce ta koro ni da kayana. Matata ba ta da laifi. Gaban kwamiti za ni.

Kun tuna jirgin fasinjan da ya faɗi a fadamar Wurogauri bara. Tun lokacin babu makon da ban caccaki Masu Girma 'yan kwamitin bincike a wannan shafi ba. Allah ya ƙara musu lafiya, wata tara suka yi suna nazarin hatsarin daga ɗakin otal, sannan suka taso da motoci goma sha biyu, suka tsaya bakin kwalta kada laka ta taɓa takalmi, aka ɗauki hoto.

Maƙwabcina Lukuman, 'yarsa Surayya na cikin jirgin. Abu ɗaya yake so ya ji kafin ya mutu: me ya kayar da shi. Kullum muka haɗu sai ya ce ni da nake rubutu a jarida in tambayo masa, ni kuwa in bugi ƙirji.

To, a cikin tawagar akwai wani siririn injiniya, shi kaɗai ya naɗe wando ya shiga laka. Ya tara mu ya ce wani farin ƙarfe daga jelar jirgin ya ɓata, in aka ga yadda ya karye to an gano dalili. Ya zana shi a ƙasa da tsinke. Nan take na gane shi.

Ni na tsince shi a cikin gonar albasata, kwana uku bayan hatsarin. Babu mai gadi, duk an tafi rakiyar wani Ranka-ya-daɗe. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe, na kai wa Zayyanu mai zubin tukwane a kasuwar Gwandu. Ya yaba kyan ƙarfen, ya narkar, ya zubo mini tukunyar da ba ta kamu. Har aron ta gidan Lukuman suka yi ranar sadakar arba'in. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kwana biyu ina jin kunyar kaina, sannan na je na faɗa wa Lukuman. Ya daɗe yana kallon tukunyar.

"Wagga ce munka dahwa sadakarta ciki?" in ji shi.

Na ce ita ce.

"Ɗauko mu tahi. Ko ba su gane komi ba, su dai gani."

Mai Girma shugaban kwamiti ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya yaba kishin ƙasata, ya kafa ƙaramin kwamiti ya duba murfin. Injiniyan ya juya ta, ya shafa gindinta, ya ce wa Lukuman a hankali wuta ta goge duk abin da ƙarfen zai faɗa. Lukuman ya yi masa godiya ya fita. A tasha na riƙe wa Lukuman wuri kusa da ni, ya wuce ya shiga wata motar.

Kusan shekara guda ke nan ina rubuta muku cewa manya sun cinye binciken nan. Ashe a gidana aka dafa shi, kuma Rahama shaida ce, ni na fi kowa girman loma.