Ranar Da Baba Ya Ja Ɗakinsa Mai Taya

Don girman Allah Anti, in za ki saka wannan a shafinki kar ki saka sunana. Ko harafin farko kar ki saka. Garinmu ma ki ce wani gari kawai. Wayar Inna ce na ɗauko a caji, ina gamawa zan goge. Baba ya ce duk wanda ya ƙara ta da maganar nan a gidansa zai gamu da shi, amma ni wallahi in ban faɗa wa wani ba cikina fashewa zai yi. Kwana uku ina cusa kai a filo ina dariya. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na tsaya.

Babanmu dai mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya ce, kyauta. Kuma ba da kayansa kaɗai yake yi ba. In ya shigo ya ga buhu a tsakar gida ba ya tambayar na waye, sai ya leƙa waje ya ce wane zo ka ɗebi kwano biyar ka kai wa iyali. Bara haka ya rabar da gyaɗar da Inna ta saya da kaka ta ajiye sai ta yi tsada. Wuni ɗaya! Yana waje yana shan addu'a, Inna tana ɗaki ta ɗaure kai da ɗankwali.

To sai ya je gwanjon kayan masu aikin titi ya sayo wani ɗaki mai taya. Ɗaki sosai fa Anti, har da gado da banɗaki da labule. Wai zai kai fadama ya riƙa zama a ciki lokacin noman rani. Ba irin wanda ake ɗaurawa a gindin mota ba ne. Wuya gare shi dogo, sai wuyan ya hau cikin bayan a-kori-kura ya zauna kan wani faifan ƙarfe, kamar dai yadda bodin tirela yake zama. Masu shi suka kawo suka ajiye a bayan gidanmu suka tafi, mu kuma ba mu da motar da za ta ja shi. Baba ya ba ni makulli ya ce in riƙa sharewa.

Wata bakwai yana neman mota. Kuma a nan kam Baba ya yi hankali, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sa aka karanta masa ƙarfen da ke jikin ɗakin, nauyinsa tan biyu da rabi. Duk motar da aka nuna masa sai ya ce tan nawa take ja. Mota biyu ya ƙi. Kullum a majalisa huɗuba yake yi, wai mutanenmu ba sa auna kaya da ƙarfin mota shi ya sa ake kwana a hanya.

Abin da bai sani ba, tun sati na biyu Inna ta kira ni ta ce, "Ke, wannan ɗakin yana yoyo?" Na ce ba ya yi. Ta ce, "Ɓera fa?" Na ce babu. Ta ce, "Babanku yana shiga?" Na ce tunda ya ba ni makulli bai taka ba. Sai ta yi murmushi.

Buhu sha biyu na gyaɗa muka fara sakawa. Sai Gwaggo, yayar Baba, ta ji labari ta kawo kanwa buhu shida da dutsen niƙa biyu. Daga nan fa shi ke nan. Duk matar da mijinta yake da dogon hannu a unguwarmu sai ta aiko. Waken suya, shinkafa shanshera, gishiri, tukwanen biki. Akwai wadda take gini a ɓoye ta kawo siminti buhu goma muka jera a banɗakin. Ni ce mai makulli, ni ce mai cewa a saka nan a saka can. Har ƙosai ake ba ni kyauta.

Ranar Alhamis da hantsi, ba sanarwa ba komai, sai muka ji hon. Baba ne da a-kori-kura fara, shi da Tanimu bakanike wanda ya samo masa ita ya kuma ɗaura faifan ƙarfen. 'Yan majalisa duk sun biyo su. Baba sai washe baki yake yana ɗaga wata takarda yana cewa, "Tan uku take ja! Ɗaki tan biyu da rabi! Saura rabin tan, ko ku duka kuka hau ba ta sani ba!"

Ya juyo ya ce da ni, "Kin share?"

Na ce, "Na share, Baba." Muryata kamar ta ɗan tsako.

"To kai katifata ciki ki kulle, yanzu za mu tafi."

Anti da ƙyar na tura katifar nan saman buhuna. Na ruga cikin gida na ce Inna an shiga uku. Inna ta zauna daɓas a kan turmi. Kafin a gama ɗaura wuyan, labari ya zaga unguwa. Sai ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da mayafi, kowa ta zuba wa ɗakin ido. Baba ya dube su ya ce da abokinsa, "Ka ga zaman lafiya da maƙwabta? Har rakiya suka fito yi min."

Ana sauke wuyan a kan faifan sai bayan motar ya durƙusa. Gabanta ya ɗaga sama kamar akuya ta miƙe za ta ci ganyen bishiya.

Tanimu ya zagaya ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, anya kuwa? Wannan zaman bai yi min ba."

Baba ya ce, "Ka iya karatu ko? Ga takarda. Shiga mu tafi."

Aka tafi. A hankali fa, har mai tallan awara ta wuce mu. Mu kuma mata muna biye a baya kamar masu kai amarya, sai dai ba guɗa. Da aka zo wani hawa da ke bayan kwalbati sai motar ta fara kuka. Kuka Anti, irin na yaron da aka yi wa allura. Hayaƙi ya tashi, wari kamar an ƙona roba. Ta tsaya cak a tsakiyar hawan. Sai ta fara dawowa da baya!

Wata daga cikinmu ta manta ta kurma ihu, "Wayyo wakena!" Gwaggo ta toshe mata baki da mayafi. Maza suka ruga suna cusa duwatsu a bayan taya, liman ma har da shi, ya tattare riga. Da ƙyar ta tsaya saura kaɗan ta faɗa lambatu.

Baba ya diro ya riƙe hannun rigar Tanimu. "Ka cuce ni! Ka ce tan uku! Wannan ko tan ɗaya ba ta ja!"

Tanimu ya ce, "Alhaji, shekarata ashirin a ƙarƙashin mota. Wannan motar lafiyarta ƙalau. Abin da ke bayanta ya fi tan biyar, in ƙarya nake ka aske min gemu a nan."

"Ɗakin da ba komai sai katifa?"

"To a buɗe mu gaisa da katifar."

Baba ya juyo yana nemana. Na ɓuya a bayan Gwaggo, amma ina, ya gan ni. Sau uku makullin yana faɗuwa daga hannuna. Ina murɗawa ƙofar ta bankaɗo da kanta, katifa ta fara fitowa, buhun gyaɗa ya biyo ta ya fashe a titi, dutsen niƙa ya gangaro ya tsaya dab da ƙafar liman.

Baba ya leƙa ciki. Ya ga buhuna har rufi. Ya buɗe banɗaki ya ga siminti. Ya fito ya dubi gyaɗar da ta zube, ya dubi jama'a, sai kawai bakinsa ya suɓuce ya ce, "To bismillah, kowa ya ɗiba mana, a kai wa yara."

Gwaggo ta yi tsalle ɗaya ta zauna a kan buhun ta ce, "Duk wanda ya taɓa ƙwaya ɗaya sai na karya masa yatsa!"

A nan Baba ya gane. Ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya, kowa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ya dube ni, na ji kamar in shige cikin kwalbatin. Ya ce, "Yaya, har da ke? Wata bakwai ina yawo ina auna mota, ku kuna nan kuna yi min lodi? Ai da kun faɗa min abin da ke ciki da na nemo babbar mota, da ban sha kunya a gaban mutane ba!"

Wayyo Anti na ji sallamarsa a zaure, bari in ƙarasa da sauri. Gwaggo ta gyara zama a kan buhun, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce:

"Babbar mota ta me, Auta? Da ka san abin da ke ciki, ai ko keke ya ja shi."