Jar Fitila a Motar Kaka

"Lafiya lau, ya aikin? To madalla. Ga gawarka nan na dawo maka da ita," in ji Kaka, tun bai gama fitowa daga motar ba.

Fitowar ma aiki ce. Motar tsere ce mai ƙofa biyu, ja wur, cikinta kamar zai shafi ƙasa, sai tsoho ya dafa ƙofa, ya dafa gwiwa, ya yi nishi kafin ya miƙe. Jikansa bakanike, wanda ya haɗa injin da hannunsa, ya ajiye sifana yana kallonsa, ransa a dagule. Fitilar baƙin mai ce ta sa shi a gaba. Sai ta kawo ja in tsohon ya taka wuta a babban titi, da an shigo gareji kuma ta ɗauke kamar ba ita ba. Ya canza na'urar da ke kunna ta, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa sabon famfon mai, duk a banza. Ga shi baban jikan ya rantse in motar ta tsaya a hanya zai karɓe makulli, Kaka ya gama tuƙi ke nan. Duk gidan jikan ne kaɗai ya tsaya masa.

"Wace gawar, motar ko direban?" ya tambaya.

"Ja'iri. Ina tuƙa tirela ubanka bai san hannun damansa ba."

"Shi ya sa kake jan wannan kamar ka ɗauko siminti. Yaushe ta kawo?"

"Da na wuce wani yaro mai rawar kai."

"Da wane gudu?"

"Gudun dattijai."

"Kaka, ina allurar ta kai?"

"Ina zan sani? Ni hanya nake kallo. Ta kai inda Allah ya kai ta."

"Sa'o'inka suna kan tabarma suna jan carbi, kai kana tsere da jikokin mutane."

"Kishi ke cin ka. Tun da kakarka ta ce ta fi son zama a gefena ba ka sake ƙiba ba."

"Matata ce, aro na ba ka. Ita ta ce min in ka taka burki haƙoranka ke riga ka isa gaban gilashi."

Tsoho ya ɗaga hannu kamar zai kai masa duka, jikan ya kauce ya buɗe bonet. Zafi ya bugo masa fuska. Da can in motar ta zo, sai ta huce yake juye man ya shiga kwance-kwance. Yau haushi ya sa ya zare sandar gwada mai tun injin na tiriri. Ya duba, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya wuce layin sama nesa ba kusa ba, ga kumfa ta lulluɓe sandar.

"Wa ya ƙara wa motar nan mai?"

"Wa zai ƙara in ba mai ita ba?" Kaka ya gyara hula. "Asirinka nake rufawa. Kullum ka ba ni ita, in na duba da safe sai in ga mai ƙasa da layi. Na ce yaron nan ko rowa ce ko shanyewa yake yi. Ban gaya wa kowa ba, sai in cika abina."

"Kullum?"

"Kowace safiya. Direban da bai ba injinsa mai da safe ba, ai fasinja ne."

Jikan ya dafe kai. "A ina kake ajiye ta?"

"A ƙofar gida mana."

"A kan gangaren nan? Hancinta sama?"

"Tirelata ba ta taɓa tambayata inda na ajiye ta ba."

"Tirelarka shan mai take yi kamar ruwa, wannan ba ta sha. A gangare man baya yake komawa, dole sanda ta nuna maka ƙasa. Kai kuma ka ɗura mata har wuya. In ka taka wuta sai ƙarfen da ke juyawa a ciki ya yi ta kaɗa man kamar ruwan sabulu, famfo ya ja kumfa, fitila ta kawo. Ka hana ni barci, ka sa na zargi famfon da bai ci ba bai sha ba, ashe kai ne ciwon motar."

"To, babban injiniya. Kai da kake juye man, ba ka taɓa ganin bokitinka na tumbatsa ba?"

Nan jikan ya shiga goge hannu da tsumma kamar shi ne aikin da ya kawo shi duniya. Kaka ya so ya yi dariya, amma ta maƙale. Ya leƙa injin, ya yi ƙasa da murya.

"Ya buga?"

"Bai buga ba. Saura ƙiris."

"Ubanka fa? In ya ji ni ne..."

Jikan ya dube shi. Bai taɓa ganin tsoro a fuskar tsohon nan ba sai yau, sai ya ji duk haushin ya zube.

"Zan ce masa na gano ciwon na cire shi. Amma sai na cire shi da gaske. Buɗe but ɗin bayan motar."

Kaka ya yi tsaki, ya ja ƙafa ya buɗe. Ga galan ɗin mai, ga wani tsohon mazurari na ƙarfe duk ya lotse. Ya ɗauko shi ya juya a hannu, sannan dariyar ta ƙwace masa.

"Ungo, ɗan nema. Ya girmi ubanka, ka riƙe shi da mutunci. Ka ci ni yau."

"Na karɓa. Gobe ka ajiye ta a miƙe."

"Na ji. Rage man ka ba ni makullina, yaron nan mai rawar kai ya ce zai jira ni a hanyar komawa."