Goyon Walid a Jamus

"...lafiya lau, alhamdulillahi. Ya zafi, Hajiya? Ya gwiwar taki?"

"Bar gwiwata inda ka gan ta. Matso in gan ka da kyau. La'ilaha illallahu! Ni mijina na aika Turai, wa ya dawo mini da wannan karan dawar?"

Hajiya Maiturare ke nan, zaune a kan darduma a falonta da ke unguwar Khalidiyya a Madina, kaskon turare yana hayaƙi a gefenta. Wanda ya shigo jikanta ne Walid, ma'aikacin matatar mai a garin Yanbu na bakin teku. Tun kafin azumi ya tafi Jamus da 'yarsa Asama'u, 'yar shekara uku, wadda aka haifa da ƙafar hagu a murɗe, ba ta taɓa taka ta daidai ba. Likitoci suka ce a can za a yi mata aiki. Matarsa Suhaila cikinta ya tsufa, an hana ta hawa jirgi, dole uban ya saɓi 'yarsa shi kaɗai. Jiya suka sauka a Jidda. Yau bayan la'asar ga shi ya zo gaisuwa, yarinyar tana barci a kafaɗarsa, an lulluɓe ta da tawul har ƙafa.

"Ai kewarki ce ta ramar da ni, amarya."

"Kewata ko yunwa? Me suke ba ka a can?"

"Dankali."

"Da rana fa?"

"Dankali."

"To da sallah?"

"Dankali, amma an soya."

"Ka gani! Sai da na ce a zuba maka kuka da daddawa a jaka, ka ce wai Turawa za su kama ka a filin jirgi."

"Ya Sitti, kakata, daddawarki ai ko karen 'yan sanda ya shinshina sai ya suma. Da yanzu ina kurkuku, ke kina nan kina takaba."

"Takabar wa? Da na yi kwalliya na auri mai kuɗi. Tsofaffin unguwar Bab al-Majidi har yanzu suna tambayata."

"Tambayar ko kina raye suke yi."

Ta ɗaga carbi kamar za ta shauɗa masa, amma idonta yana kan tawul ɗin, daidai inda ƙafar yarinyar take. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta fasa. Walid ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Ya zauna a hankali, ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu.

"Ga tsarabarki."

Ta buɗe, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Turare? Ni za ka kawo wa turare? Ni da amaren Madina ke layi a ƙofata tun ubanka yana yawo ba wando? Wannan ai warin mustashfa yake yi, asibiti sak."

"Na manyan mata ne, wallahi."

"Kai wa manyan matan. Ka tsallake teku, ka dawo mini da ruwan allura a kwalba."

Duk da haka ta ɗan diga a bayan hannu, ta tura kwalbar ƙarƙashin matashi.

"Kuma kai ba ka iya waya ba? In ka bugo sai kwayyis, kwayyis, wai lafiya lau, ka ajiye. Mutum yana nan bai san abin da ake ciki ba."

"Katin ne yake ƙarewa. Amma Suhaila ta ba ni labari. Ta ce tun ranar da muka tashi kullum kina Harami, kin daina haɗa turare, har abinci sai an yi miki faɗa."

"Ƙarya take yi. Addu'a nake Allah ya haɗa ka da wata Bajamushiya ta rabu da ni da kai."

"An samu guda. Shekarunta sun kai naki, amma ita haƙoranta suna nan."

"Na roba ne, sakarai!"

Dariyarsa ce ta tayar da Asama'u. Ta ɗago kai tana murza ido. Kitson da ke kanta wani ya nufi gabas, wani ya nufi yamma, na tsakiya ya tsaya bai yanke shawara ba.

"Inna lillahi! Wa ya yi wa tattaɓa-kunnena wannan aika-aika?"

"Ni ne."

"Da hannu ko da cokali?"

"Wannan ai na ƙware. Da kin ga na farko. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ghana ta zaunar da ni ta koya mini, ta ce ba za ta iya kallon zalunci ta yi shiru ba."

Walid ya janye tawul ɗin, ya sauke yarinyar, ya tsayar da ita a kan kafet. Tana sanye da wasu takalma masu tauri da suka kai mata idon sawu. Ya saki hannunta.

"Yalla, Asama'u. Ruhi li Sitti. Je ki gaishe ta."

Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi tsohuwar. Ta ɗaga ƙafar hagu ta ajiye ta, tafin duka a ƙasa. Ta ɗan yi tangaɗi, Hajiya ta zabura, Walid ya ce, "Bar ta." Ta sake takawa, ta kuma takawa, har ta zo ta faɗa jikin Hajiya tana dariya.

Tsohuwar ta rungume ta, ta kama ƙafar da hannu biyu tana shafawa ta saman takalmin. Bakinta yana motsi da hamdala.

"Amarya, kuka kike yi?"

"Hayaƙin kasko ne."

"Yau kika fara zama da hayaƙi?"

"Rufe mini baki, ɗan nema."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauko dabino ta miƙa wa yarinyar. Asama'u ta karɓa ta ce, "Danke."

"Me ta ce?"

"Godiya ta yi, da Jamusanci."

"Madalla! Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, yanzu ka ƙaro mata na uku. To gaya mini gaskiya, ya ka yi da ita a hanya? Kai da ko jakar dabino aka ba ka daga Badar sai ka manta ta a mota."

Walid ya sosa ƙeya.

"Akwai ranar da na sha wuya. An sallame mu daga mustashfa, ƙafar tana cikin filasta har cinya, za mu hau jirgin ƙasa mu koma masauki. Muna shiga tasha tayar kekenta ta fita. Ga jaka biyu, ga matakala, ga ƙanƙara tana zuba, ita kuma tana ta ihu. Na tsaya kamar in zauna in taya ta."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na tuna da ke. Na zaro shimagina na yafawa a ka daga jaka, na duƙa, na ɗora ta a baya, na ɗaure a ƙirji."

Hajiya ta saki baki.

"Goyo? Kai? Da gemunka?"

"Da gemuna. Tana jin ɗumin bayana ta yi tsit. Turawa suka tsaya kallo. Wata tsohuwa ta ɗaukar mini jaka guda har cikin jirgi, wani kuma ya zo yana tambayata a wane kanti ake sayar da irin wannan."

"Ka ce masa me?"

"Na ce a Khalidiyya, wajen wata rigimammiyar tsohuwa."

Hajiya ta yi dariya har da tari, tana dukan cinya. Asama'u ma ta kama dariya, ba ta san dalili ba.

"A ina ka ɗaure? Sama ko ƙasa?"

"Sama."

"Ɗauri ɗaya? Ba majanyi? Allah ne kawai ya tsare mini yarinya!"

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da wani tsohon majanyi saƙi, fari da baƙi, yana ƙamshin sandal, ta jefa masa a cinya.

"Da shi na goya ubanka, da shi na goya ka kana yi mini fitsari a baya. Riƙe, ka ci kyautarsa. Yau kam na yarda na auri namiji."

Walid ya juya majanyin a hannu, ya kai shi hanci, ya sunkuyar da kai.

"Kada ka yi mini kuka a falo," in ji ta. "Gobe da asuba ka zo da shi, ka goya ni zuwa Harami in yi godiya."

"Ke? Ai sai dai in nemo igiyar jirgin ruwa daga Yanbu."

Carbin ya same shi a kafaɗa, ita ce kuma ta fara dariya.