Jirgin Yaƙin Don Eustorgio

"Ni da na yi shekara ashirin a barikin sojan sama za ku gaya wa jirgin yaƙi? Ku ba ni guda ɗaya tak, in tsare muku ƙasar nan ina kurɓar kofi!"

Wannan Don Eustorgio Pinzón ke nan, uban 'yan cika baki na garinmu. Abokina, shekara ashirin ɗin gaskiya ce. Abin da ba ya faɗa shi ne aikinsa a barikin fentin duwatsun bakin titi ne. Amma ya ce a riƙa ce masa Kyaftin, mu kuma da ba ma ƙin abin dariya muka amsa. Dukiyarsa a duniya gashin baki ce, baƙi wuluk, a murɗe kamar ƙahon rago. Yana shafa masa mai kafin ya gaida matarsa.

Ran nan muna shagon Doña Herminda mai kofi, rediyo ya ce gwamnati na shirin sayen sababbin jiragen yaƙi. Herminda ta ajiye buta ta riƙe ƙugu.

"Jirage! Gadarmu ruwa ya cinye tun bara, dankalinmu a kan jaki yake tsallake kogi. Wa za su harba? Angulu?"

"Maƙwabciya, ki tsaya a kan kofinki," in ji Kyaftin. "Araha ba ta ado. Jirgi ɗaya mai tsada ya fi tarkace ɗari."

"To ga watan Agusta nan, iska ta zo. Ranar Lahadi kowa zai hau tudu da jirginsa na takarda. Kawo mai tsadar naka ya kakkaɓo su mu gani."

Ga yadda muke yi: kowa ya ɗaura reza a jelar jirginsa, ya saki zare, wanda ya tsinke na wani ya ci. Kyaftin ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Na yarda! In ban share sararin nan tas ba, ki aske gashin bakin nan da hannunki!"

Kowa a shagon ya juya ya kalli gashin bakin. Ni kaina sai da na tausaya wa gashin.

Washegari aiki ya kankama. Takarda? Ta talakawa ce. Ya ɓalle kwanon rufin akurkin kajin matarsa, Doña Nohemí, ya yanka fukafukai. Ya cire ƙofar kabad ya yi gangar jiki. Sannan aka zo fanninsa: fenti. Ya shafa, ya bushe, ya sake shafawa, ya zana haƙoran kifi a hanci, ya rubuta sunansa a gefe biyu don kada abokan gaba su yi tantama. A ƙarƙashin fukafukai ya jera rokokin wasan wuta da suka rage daga bikin waliyyin gari.

Nohemí ta leƙo. "Eustorgio, kajina a ina za su kwana?"

"Mace, tsaron ƙasa sai da sadaukarwa."

"To kai ka sadaukar da gadonka, su kwana a kai."

Lahadi ta zo, tudu ya cika maƙil, sama kuwa jiragen takarda ja da kore da rawaya sai rawa suke. Can sai ga Kyaftin da baƙin tabarau da hular kwano, ƙarti huɗu na bayansa ɗauke da jirgi suna nishi. Wani tsoho da bai gani sosai ya cire hularsa ya tambaya wa ya rasu.

Iska ta kaɗa. Ta ɗauke hular limamin coci, ta kifar da laimar mai rake. Jirgi ko gezau.

"Iskar nan ta farar hula ce," in ji Kyaftin. "Wannan sai an ja shi. Abundio, kawo babur!"

Abundio amininsa ne, mutumin kirki, amma kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya. Aka ɗaura igiyar shanya daga hancin jirgi zuwa bayan babur. Abundio ya ja. Jirgi ya bi ƙasa ƙiiii, ya yi huɗa mai kyau, har wani manomi ya tambaya ko ana ba da haya.

Herminda ta zaro reza daga aljihun rigarta ta ɗaga. "Kyaftin, sabuwa ce fil, ban taɓa ko kaza da ita ba!"

Gumi ya karyo masa. "Wannan gwajin taya ne! Yanzu za ku ga injin." Ya juya ga Abundio. "Zan kunna rokoki. Kada ka motsa sai na ɗaga hannu."

Ya durƙusa a bayan jirgi, ya ƙyasta ashana, iska ta kashe. Ya sake, ta kashe. Sai ya kwanta rub da ciki, ya kai fuska dab da lagwani ya tare iskar da ita. Ya kama! Murna ta sa ya ɗaga hannu yana yi wa jama'a kirari. Abundio ya ga hannu, ya murɗa totur.

Wallahi jirgin ya tashi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kai tsayin akuya. Sai ya yi juyin waina a iska, ya faɗo hancinsa na kallon mai shi, rokoki suka fara fita: fiiiu! fau! Jama'a suka watse, karnuka suka shige ƙarƙashin motoci. Kyaftin ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya gangara tudu, makamansa na bin sa ɗaya bayan ɗaya. Ko guda bai kuskure ba. A sama kuwa jiragen takarda na ta rawarsu, babu wanda ya san ana yaƙi.

A cikin kwatami muka tsamo shi. Wandonsa ya ƙone ta baya, gashin baki na hagu ya ƙone ƙurmus, na dama na nan a murɗe shi kaɗai kamar maraya. Muka kwashe shi sai asibitin gari, rabin tudu na biye da mu ana riƙe ciki.

Ma'aikaciyar jinya ta duba ta girgiza kai. "Man ƙuna ya ƙare, Don Eustorgio. Bandeji ma babu. Sai dai a aika gida a yago tsohon zanen gado."

Kyaftin, yana kife a kan benci, ya ɗago a fusace. "Babu bandeji? A asibiti guda? Wai ina gwamnatin nan take kai kuɗinmu ne?"

Doña Herminda ta matso da kwanon kumfa, ta kama haɓarsa a hankali.

"Ɗaga kai sama, Kyaftin. Kai ka ga inda suka tafi, ni kuma in ji daɗin aski."