Faifan Kasuwar Libiya da Muryar Baba

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Zainaba ba, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

A unguwarmu a Omdurman "Bashmuhandis" ake ce mini, wato babban injiniya (kwas ɗin kwamfuta na wata uku na yi, wata ɗaya ma zazzaɓi ya cinye shi). Kafin Baba ya rasu ya sa an ɗauki muryarsa a kaset yana yi wa Zainaba nasiha da addu'a, ya ce a saka mata ranar aurenta. Ni sarkin iyayi na kwashe muryar zuwa kwamfutar gida, na ce wa Inna kaset kayan mutanen da ne. Ta ba maƙwabta, suka ɗora waƙoƙi a kai.

Lokacin takunkumi ne, duk shafin maganin bairos, wato cutar kwamfuta, da ka buɗe sai ya ce ba ya hulɗa da Sudan. Sai na tafi Kasuwar Libiya da ke nan Omdurman na sayi faifan maganin wurin wani mai tebur. Ya dafa ƙirji ya ce, "Asli ne, ya zol, wallahi," wato na ainihi ne, mutumina. Mutum ya dubi idonka, ya rantse da Allah, ya sayar maka da ɓarawo a matsayin maigadi. Wannan wace irin mugunta ce? Da safen biki na saka faifan. Saƙo ya bayyana a allo cewa in kashe tsohon maganin da ke cikin kwamfutar, na kashe da hannuna, har ina fito.

Bayan la'asar rumfa ta cika. Na jona kwamfuta da lasifika. Kawu Adamu, ƙanin Baba, ya miƙe ya ce, "A yi shiru, za a ji marigayi." Mata suka fara share hawaye. Na danna.

Sai kiɗa ya tashi, wata Baturiya ta shiga taya ni murna wai na ci mota. Wani tsoho mai nauyin kunne ya shafa ya ce amin. Gumi ya jiƙa mini jallabiya. Na buɗe ma'ajiyar muryar Baba, fayau.

Wani ɗalibi ɗan Nijar, abokin ango, ya duba ya ce, "Malam, faifan nan da ka saka ai cutar ce da kanta. Ina ka ajiye kwafin muryar na biyu?"

Babu na biyu.

Zainaba ta sa aka kira ni. Daga cikin lulluɓi ta ce, "Yaya, ma'alesh, ba komai. Ai kai ka saurara da kana kwashewa. Faɗa mini abin da Baba ya ce."

Ban saurara ba. Rage murya na yi, na tafi shan shayi na bar inji yana aiki.

Tun ranar duk abin da nake so ajiya biyu nake yi masa, kuma in babba yana magana zama nake in ji. Mai tebur kuwa na koma nemansa, na tarar ya koma sayar da takalma.