Sulken Roba na Uban Amarya

"Ni Veijo Huttunen, shekara talatin ina gyaran kwale-kwale, wata 'yar asibiti ce za ta koya mini tallafe ƙugu?"

Haka gogan naka ya cika baki ranar da aka ce ya jira sati uku kafin asibiti ta ƙera masa abin ɗaure baya saboda ciwon da yake fama da shi. Ga shi ran Asabar 'yarsa tilo, Outi, za ta yi aure, kuma ya rantse shi zai raka ta gaban fasto a miƙe kamar sanda.

Sai ya sayo fallen roba irin wadda zafi ke tausasawa, ya gasa a murhun burodin matarsa Sirkka, ya naɗe jikinsa daga hammata har kwankwaso, ya haɗe bakin da ƙusoshi. Kwana biyu yana zagaya ƙauye yana ƙwanƙwasa ƙirji, kowa ya ji aikin injiniya.

Jajiberin biki maza suka nufi sauna, ɗakin wankan tururi inda ake zuba ruwa kan duwatsu masu zafi. Sirkka ta ce, "Veijo, cire tarkacen nan."

"Mace me ta sani game da roba?"

Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Sarkin wauta ya haye benci na can sama, inda zafi ya fi, yana ta, "Pentti, ƙaro ruwa kan duwatsun, ko tsoro kake ji?" Pentti maƙwabcinsa ya ƙara. Roba ta yi laushi kamar tuwo, Veijo ya sunkuya, gwiwar hannu kan cinya, yana zuba surutu.

Can ya fito a guje ya faɗa tafki tsundum, yadda aka saba. Ruwan sanyi ya daskarar da sulke a yadda ya same shi, a sunkuye.

"Ku ɗago ni!"

"Injiniya," in ji Pentti, "ka miƙe mana, ai aikin hannunka ne."

Da almakashin yankan kwano aka farke robar. Amma gadon bayansa ya riga ya riƙe a sunkuye, ya ce shi ma nan ya tsaya.

Washegari Outi, idonta jawur don takaici, ta ja ubanta cikin coci yana kallon takalman jama'a. Suna isa gaba, fasto ya dafa kafaɗarsa, ya ce da ƙarfi, "Bawan Allah, ɗago kanka. Ba a fara addu'a ba tukuna."