Yadda Za Ka Ɗinke Wandonka Ba Tare da Ka Roƙi Matarka Ba

Kai magidanci, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari zare ba zai ƙara cukurkuɗe maka ba, girmanka kuma ba zai zube a gaban iyali ba. An gwada su a kan Boaz na Kusasu, ga shi nan da ransa.

Gonar Boaz tana bakin daji, inda ba mai zuwa noma bana saboda rashin tsaro. Sai ya shirya tafiya Tsohon Birnin Gwari roƙon aron gona wurin surukinsa. Da safen tafiyar ya ɗaga wandonsa na zuwa coci, wanda ba shi da na biyunsa, ya ga hantsar ta ɓarke. Telan garin ya tafi cin kasuwa. Matarsa Laraba kuwa, shekaranjiya ya gama gaya mata ɗinki ba aiki ba ne, hira ce da allura a hannu.

"Maman Jemima, ina allurarki?"

"Tana cikin gwangwani, Baban Jemima. A sha hira lafiya."

1. Yanko zare mai tsawo

Mata za su ce maka kada ya wuce kamu guda, wai dogon zare shi ke harɗewa. Ƙarancin buri ke nan. Namiji ba ya zura allura sau biyu. Boaz ya warware nasa tun daga bakin ƙofa har gindin mangwaro, sai da ya kori kazar da ta shiga ciki.

2. Kada ka shafa masa komai

Laraba takan ja zarenta a jikin kakin zuma don ya yi santsi, in kaki ya yi wuya ta yi da guntun kyandir. Ta ma zo ta ajiye kyandir ɗin kusa da ƙafarsa. Yi kamar ba ka gani ba. Yawu ya ishe ka, da shi aka haife ka.

3. In ya fara murɗewa, ƙara sauri

Wai a saki allura ta yi lilo har zaren ya warware kansa. Wa ke da lokacin kallon allura tana rawa, ɗan acaba na ƙofar gida yana danna hon?

4. Ƙulli ba ya jin lallashi

Masu sanyin zuciya sukan sa tsinin allura su sassauta shi a hankali. Kai dai ja da ƙarfi. Boaz ya ja har ƙullin ya koma kamar ƙwayar dawa, ya tura shi ciki, ya bi ta kansa da ɗinki. Na biyu ma haka, da duk 'yan'uwansu da suka biyo baya. Maƙwabcinsa Abdulsalam ya leƙo ta kan danga.

"Malam Boaz, tarkon gafiya ake haɗawa?"

"Sabon yayi ne, bai iso layinku ba tukuna."

5. Kada ka durƙusa

Wannan shi ne uban matakai, kuma a nan Boaz ya fara saɓa mini. Da suka isa shi da Laraba, sun tarar da tsoho, surukin nasa, a kan tabarma tare da baƙi. Laraba ta zube ta gaida mahaifinta. Boaz ya tsaya ƙiƙam, ya ɗan rusuna kamar mai ciwon baya. Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya ci gaba da hira da baƙinsa. Zufa ta karyo wa Boaz, don ya san mai neman gona ba ya gaisuwa a tsaye, kuma in ya koma hannu rabbana, bana gidansa sai tuwon saye. Ya rufe ido ya durƙusa.

Har baƙon da ke can ƙarshen tabarma ya ji ƙarar. A yi wa tsarina adalci: ko ƙulli ɗaya bai kwance ba. Yadin ne ya yage a gefensu.

6. Ɗora laifin a kan matarka

Tsoho ya sunkuyo ya ƙare wa ƙullayen da ke reto kallo, ya ce, "Wa ya yi maka wannan ɗinki?"

Ga dama ta samu, kalma biyu kacal: 'yarka ce. Laraba ta sunkuyar da kai tana jiran ta ji. Boaz ya dube ta, ya dubi ƙasa.

"Ni ne, Baba. Na ce mata ɗinki ba aiki ba ne."

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Je ka nome gonar bayan rafi. Allah dai ya sa kunyarka ta gona ta fi wannan miƙewa."

A kula

Mai wannan rubutu ba tela ba ne, ba shi da hannu a duk abin da ya yage, wando ne ko mutunci. Boaz ya koma Kusasu ɗaure da zanen surukarsa, zaune a karkace bisa babur. Wanda zai bi shawarata ya tafi da nasa zanen, don tsohuwar ta ce ita kam ta daina ba da aro.